Yadda ake haɗa akwatin gem irin na da da zai zauna a kan kantar kicin

Akwatin da ake magana a kai shi ne irin wanda ake jefa wa tsabar kuɗi a buga Pac-Man ko Street Fighter II, sai dai gajere, marar ƙafa, wanda ake ɗorawa a kan kanta. Haɗa shi ba wani abin wahala ba ne ga wanda ya iya riƙe zarto da diril. Inda sababbin shiga ke faɗuwa shi ne su ɗauko zanen da aka yi don falo daga intanet, su yanka katakon MDF a kansa, su kai kicin. Ko dai akwatin ya ƙi shiga ƙarƙashin kabad, ko kuma ya shiga, bayan 'yan watanni gindinsa ya kumbura, madannai su riƙa maƙalewa saboda maiƙo. Tururi da mai da ƙarancin wuri su ne za su tsara maka aikin nan tun daga awon farko.

Ka fara da tef, ba da sayayya ba. Kantar kicin ta zamani tsayinta wajen santimita 90 ne, zurfinta 60, tsakaninta da kabad ɗin sama kuma yawanci 45 zuwa 50. Galibin zane-zanen da ke yawo sun fi ƙarfin wannan gibin, domin suna da goshi mai fitila a sama inda ake rubuta sunan wasa. Cire goshin nan gaba ɗaya. Kyau ne kawai, kuma shi ke cinye santimita goma ko fiye. Awon da ke aiki ga monita mai inci 17 da ɗan wasa ɗaya shi ne faɗi 43, zurfi 38, tsayi 42 har da ƙafafun roba. Kada ka matsa sai ka yi na mutum biyu. Zai nemi faɗin santimita 55 ko 60, kuma mai girki ba za ta yafe maka wurin yanka albasa ba.

Wurin zama kuma, ka ba murhu mita ɗaya aƙalla, ka nisanci wurin wanke-wanke, kada kuma ka manta da butar lantarki da tukunyar dafa shinkafa. Su biyun nan sun fi murhu ɓarna, domin tururinsu yana bugun ƙasan kabad ya dawo ya kwanta a kan duk abin da ke wurin.

Kafin ka taɓa katako, yi akwatin da kwali da salatif, daidai da awon nan, ka ajiye shi a wurin ka tsaya a gabansa. Kabad ɗin sama yana fitowa wajen santimita 30 zuwa 35 daga bango, dogon mutum kuwa idan ya tsaya, bakin kabad ɗin yana rufe masa saman allo. A kwali za ka gane haka a minti biyar, ka ƙara ko ka rage kwanciyar allon. Digiri 20 zuwa baya shi ne mafari mai kyau.

Monita sai ka same ta a hannu kafin yanka. Tsohuwar monitar ofis mai inci 17, wadda ba ta da faɗi irin na talabijin ɗin yanzu, ita ta fi dacewa, ga araha a wurin masu kayan kwamfuta na hannu, kuma tsofaffin wasannin an yi su ne don allo mai kusan wannan siffa. Abin da ke haske a jikinta kusan santimita 34 ne da 27. Gwaji ɗaya za ka yi mata a shago: kunna ta, zare filogi, mayar. Idan ta kama da kanta, saya. Idan sai an danna maɓallinta, bar ta, domin maɓallin zai shige cikin akwati inda hannu ba ya kaiwa. Ka duba kuma tana da ramukan sukuru huɗu a baya, tazarar santimita 10 ko 7.5, da su za ka ɗaure ta a kan katakon da ya gitta tsakanin bangarori biyu.

Katako

Filawud mai kaurin milimita 15, irin wanda ke jure ruwa idan ka samu. MDF ya fi daɗin yanka, ya fi karɓar fenti, ya fi araha, amma garin katako ne da aka matse da gam, da zarar ruwa ya shiga gefensa ya kumbura ba ya komawa. Rabin falle ya ishe ka. Zana gefe ɗaya, haɗa katako biyu da matsi ka yanke su tare, ta haka ne kawai za su fito iri ɗaya. Daga ciki ka manna 'yan sanduna masu kaurin santimita 2 da gam da sukuru, a kansu ƙasa da rufi da gaba za su zauna, babu kan sukuru ko ɗaya da zai fito waje ya yi tsatsa. Baya ya zama ƙofa mai hinji ko mai sukuru huɗu. Kada ka manne shi da gam.

Yanzu ga matakin da kowa ke gaggawa a kansa, kuma shi ke yanke wa akwatin kwanansa: rufe katakon. Mutum ya fenta waje ya yi ƙyalli, ya bar ciki da ƙasa da bakin yanka tsirara. Ruwa kuwa ba ta fuska yake shiga ba, ta bakin yanka yake shiga, musamman gindin gefuna biyu da ke zaune a kan kanta, inda tsumman goge kanta ke wucewa kullum. Saboda haka ka gama dukkan yanka da huda tukuna, har ramukan madannai da na fanka da na sifika. Sannan ka goge da samfefa mai lamba 120, ka bi da 220. Sirka gam ɗin katako da ruwa ya yi tsararo, ka shafa a kowane bakin yanka, ka bari ya sha ya bushe, ka goge, ka sake. Bayan haka banish na foliyuretan shafi uku, ciki da waje da ƙasa, ana bin kowane shafi da samfefa 220 a hankali idan ya bushe sosai. Ka bi lokacin da aka rubuta a gwangwani, da damina ma ka ƙara a kai. Shafin da aka ɗora a kan ɗanye yana yin yauƙi na makonni, ƙura ta manne masa. Cikin ramukan madannai ma ka zura ƙaramin burushi, domin nan ne shayi ko ruwan lemo ke gangarawa. Daga ƙarshe ƙafafun roba huɗu masu tsayin santimita ɗaya, don katako kada ya taɓa kanta ko kaɗan, kuma akwatin kada ya riƙa zamewa idan wasa ya yi zafi.

Game da launi, manta da sitikar dodanni da ake lulluɓe irin waɗannan akwatuna da ita. Gefenta na ɗagowa da tururi, maiƙo ya shige ƙarƙashi. Kwance ƙofar kabad ɗaya ka kai wa mai haɗa fenti ya fitar maka da irinta, ko ka nemi ragowar fomika irin ta kantar a wurin kafinta. Akwatin da ya yi kama da sauran kayan kicin shi ne wanda ba a cewa a fitar da shi. Robar nan da ake zagaye baki da ita a akwatunan asali tana buƙatar injin yanka tsaga na musamman. Idan ba ka da shi, kashe kaifin bakin da samfefa ka wuce.

Faifan madannai

Madannai shida a layi biyu, kamar yadda Street Fighter II ya zo da su a 1991, sun ishi kusan duk wasan da za ka saka. Ƙara biyu a gaba, na farawa da na jefa kuɗi. A nan akwai tarko. Madannan Japan irin na Sanwa suna son rami mai milimita 30, amma an yi su ne don faifan ƙarfe siriri, ba sa kama katako mai kauri. Ka sayi dogayen nan irin na Amurka masu zare da noti, raminsu milimita 28, ka ba su tazarar milimita 40 daga tsakiya zuwa tsakiya, in ba haka ba notocin za su hau juna. Suna nutsewa ƙasa sosai, don haka ka bar santimita 7 fili a ƙarƙashin faifan.

Sandar wasa kuwa Sanwa JLF ce zaɓina, ba na kuma ganin dalilin neman wata. Raminta milimita 24, kusan santimita 9 hagu da madannin farko. Wuyanta gajere ne. Idan ka ɗaura ta a ƙarƙashin katako mai milimita 15 haka kawai, ƙwallon zai kusan zauna a kan faifan. Sai ka rarake gurbinta daga ƙasa da kurfi har abin da ya rage a samanta, katako da gilashin robar da za ka shimfiɗa a kai a haɗe, kada ya wuce milimita 9. Ƙarƙashinta akwai wani faifan roba mai rami murabba'i da ake juyawa: gefe ɗaya yana barin sanda ta motsa ta fuska takwas don wasannin faɗa, ɗayan huɗu don Pac-Man da Donkey Kong. Wanda ya buga Pac-Man da takwas zai yi ta zargin sandar tana ƙin juyawa a kwana.

Gilashin roba mai milimita 3 za ka shimfiɗa a kan faifan, wani kuma a gaban allo, don tsumma ɗaya ya goge komai. Wajen huda shi kada ka cire ledar jikinsa, ka matse shi da katakon faifan, ka huda a hankali ba tare da dannawa ba. Gaggawa ɗaya ya tsage. Inda faifan ya haɗu da gilashin allo ka ja siririn layin silikon, nan ne ɓurɓushin burodi da ruwa ke taruwa.

Iska ita ce abu na biyu da kicin ke canzawa. Zanen falo yana buɗe ramuka a rufi don zafi ya fita. Kada ka yi. Rami a sama ƙofa ce ga tururi da duk abin da ya zubo daga kabad. Saka fanka mai milimita 80 a ƙasan gefen da ke nesa da murhu, tana hura iska ciki, da ɗan soso siriri a gabanta mai cirewa a wanke. Mafita ta zama ramuka a saman ƙofar baya, da santimita 5 tsakanin akwati da bango. Fankar da ke hurawa ciki tana sa iska ta riƙa fita ta kowace kafa maimakon ta zuƙo mai ta ramukan madannai. Raspberry Pi, wato ƙaramar kwamfutar da ke tafiyar da wasannin, yana rage wa kansa gudu idan ya kai digiri 80, wasa ya fara sarƙewa, don haka ka manna masa ƙarfen sanyaya shi. Soson nan kuma a wanke shi duk wata, da hunturu duk mako biyu.

Sauran kayan ciki ba su da yawa. Raspberry Pi 4 da cajarsa ta asali mai bolt 5.1 da amfiya 3. Cajar waya ta kasuwa ita ke sa alamar walƙiya, wato ta ƙarancin wuta, ta bayyana a kusurwar allo. Pi 5 ya fi ƙarfi amma ba shi da ramin iyafis, kuma tsohuwar monita ta VGA ko DVI ba za ta ba ka sauti ba, shi ya sa na 4 ya fi sauƙi a nan. Daga ramin nan sai ƙaramar amfilifaya PAM8403 da sifiku biyu masu wat 3, a gefuna, ba suna kallon sama ba. Idan ka ji ƙugi a sifika, ba wa amfilifayar caja tata daban. Madannai da sanda suna shiga ƙaramin allon USB da ake sayarwa tare da wayoyinsa. A kowane madanni ka haɗa ƙafar da aka rubuta wa COM da wadda aka rubuta wa NO. Wanda ya haɗa NC zai ga kamar an danne madannin har abada.

Wutar gida ta shigo ta soket ɗaya mai fis da makunni a baya, mai ƙafa uku, ta ciyar da ƙaramin ekstenshan da aka ɗaure a bangon ciki, a ɗage daga ƙasan akwati. In ba ka saba da wayar wuta ba, wannan kaɗai ka ba mai gyaran lantarki.

Manhaja kuma Batocera ko RetroPie, a rubuta a katin memori mai giga 32, a kunna, a nuna masa kowane madanni. Fayilolin wasa dole su dace da sigar MAME, wato manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin akwatunan gem, da kake amfani da ita, misali mame2003 na son na 0.78, in ba haka ba allo ya yi baƙi ya dawo da kai jerin wasanni. Yawancinsu har yau suna da masu haƙƙin mallaka, wannan kuma kai za ka duba. Kashe shi daga cikin manhajar kafin ka taɓa makunni, domin yankewar wuta yana cikin rubutu na lalata kati. Inda ake yawan ɗauke wuta, da zarar komai ya daidaita ka kwafi katin gaba ɗaya a kan wani, ka saka shi a leda, ka manna a jikin ƙofar baya daga ciki.