Kurakuran da ake yi da ɗanyen nama, daga kwata zuwa tukunya

Duk yarinyar da aka kawo min koyon girki, abu ɗaya nake fara kama ta da shi: ta gyara ɗanyar kaza a katako, ta ɗauraye shi sama-sama, ta ɗora kabeji. Bakina ya gaji da faɗa.

Ni ma na taɓa yi, kuma na ji jiki. Wata ƙaramar Sallah ina sauri, wuƙar da na daddatsa kaji da ita na yanka latas da tumatir. Kajin sun soyu sarai. Salak ɗin ne ya kwantar min da auta. Kwana biyu tsakani sai gudawa da zazzaɓi. Na aika kemis aka sayo ja da yalo, ba sauƙi, na canza wani, yaro sai ƙara langaɓewa yake, idanu sun faɗa. Da aka ba mu gado aka gwada bayan gidansa, likita ta ce ƙwayar cutar Salmonella ce, kuma irin wadda ba ta jin magungunan da na ɗura masa. Ta yi min faɗa sosai kan sayen magani da ka, kuma da gaskiyarta. Sati guda muka yi ana ƙarin ruwa.

Taurin kan nan na ƙwayoyin cuta sau da yawa daga gidan gona yake farawa. Ana zuba wa kaji maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha ko lafiyarsu ƙalau, raunanan ƙwayoyin cuta su mutu, masu jurewa su hayayyafa a hanji. Wajen figa a tsoma kaji da yawa a ruwa ɗaya, a kwata hanji ya fashe a teburin da tsoka take. Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi irin waɗannan magunguna don ƙiba tun 2006. A 2019 kaɗai, ƙwayoyin da suka bijire wa magani sun kashe mutum kusan miliyan 1.27 a duniya, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, Yammacin Afirka abin ya fi yi wa ɓarna.

Yanzu katako biyu gare ni, na naman na ƙona masa alama a gefe. Salak nake fara haɗawa in rufe, sannan in taɓa nama. Daga nan wuƙa da hannu sai sabulu da ruwan zafi.

Wankin kaza kuwa, hukumomin lafiya a Ingila da Amurka cewa suke kada ma a wanke. Ni naman kasuwarmu da ƙura da ƙuda ba zan iya ba, amma a roba mai zurfi nake yi a tsakar gida, nesa da kwanuka. Ƙarƙashin famfo ruwan fallatsa yake ko'ina.

Firiza ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take. Lemon tsami ƙarni yake ragewa. Kayan ciki a sa mahauci ya ƙulla su a leda daban. Kaza ta dahu har ja ya ɓace a jikin ƙashi.

Ku kuma masu kiwon kaji a gida, ku ji tsoron Allah. Kaza ta yi sanyi, ku fasa mata kafso na mutane, washegari ku ce a yanka kafin ta mutu, a kai tukunya ko kasuwa. A jikin maganin dabbobi an rubuta kwanakin da za a jira kafin yanka. Ku karanta, in ba ku iya ba ku kai wa malamin dabbobi ya ƙirga muku.