Yadda Mazauna Unguwannin Da Ba Su Da Takardun Fili Za Su Shirya Kafin Rusau

Rashin takardar mallakar fili ba ya raba mutum da haƙƙinsa na muhalli. Sashe na 11 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu ya tabbatar wa kowa wannan haƙƙi, kuma a 1991 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya fayyace cewa har mazauna unguwannin da aka gina ba bisa tsari ba sun cancanci kariya daga korar dole. Sai dai a kotu hujja ake nema, ita kuwa tun kafin a shafa wa bango jan fenti ake tara ta.

Ku fara da ƙidaya. Ku bi gida gida kuna rubuta yawan mutanen kowane ɗaki, da shekarar da suka tare, da sana'arsu, ba tare da tsallake 'yan haya ba, domin su ake fara mantawa ranar biyan diyya. Ku zana taswirar unguwar, a ga rijiya da makaranta da magudanar ruwa, sannan kowane magidanci ya adana rasit ɗin wuta ko na haraji, da katin asibitin yaransa, da hoton gidansa. Tsohon rasit da ya koɗe yana iya nuna zaman shekara ashirin, don haka a ajiye kwafinsa a wajen unguwar, inda katafila ba za ta binne shi ba.

Ku zaɓi wakilai, da mata a cikinsu, don kada hukuma ta riƙa sasantawa da ku ɗaya bayan ɗaya.

Idan labarin tashi ya zo, ku nemi sanarwa a rubuce, ku garzaya wurin lauya don neman umarnin dakatarwa. Sharhin da kwamitin ya fitar a 1997 ya gindaya cewa sai an yi shawara ta gaskiya da mazauna, kada a tashe su da dare ko cikin mummunan yanayi sai da yardarsu, kuma kada a bar kowa ba matsuguni. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2007 kan tashin jama'a sun ƙara da wa'adin sanarwa na aƙalla kwana 90 kafin a tashe su. Idan an yi muku tayin sabon wuri, ku je ku gani da idonku, ku auna nisansa da wuraren sana'arku kafin kowa ya sa hannu.