Yadda Ake Kula da Yaron da Jikinsa Ba Ya Karɓar Madara

Da farko a gane wace matsala ce, domin abu biyu ake yawan haɗawa. Akwai wanda in ya sha madara cikinsa ke kumbura, ya yi ƙugi ko zawo. Wannan hanjinsa ne ba ya narkar da sukarin madara, akwai takura amma ba ya kisa. Alajin madara kuwa garkuwar jiki ce ke faɗa da furotin ɗin madarar saniya. Cikin 'yan mintuna zuwa awa 2 sai borin jini ya feso, leɓe ko fatar ido su kumbura, amai ya biyo baya. Wani jaririn sai bayan kwana ɗaya ko biyu ake ganin fata ta bushe tana ƙaiƙayi, kashinsa da jini-jini.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da ya ci da lokacin da alamar ta fito, ki ɗauki hoton ƙurajen da waya kafin su baje. Da wannan za ki je wurin likitan yara, ko a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko a asibitin Plateau Specialist. Zai iya gwajin fata ko na jini, ko ya ce a janye madara na mako 2 zuwa 4 a gani. Don Allah kada ki sake ɗanɗana masa a gida wai ki tabbatar.

In alaji ne, aikin gaske yana kicin. A sanyin Jos kowa shayi da madara yake nema da safe, kuma cokalin da aka juya kofin babansa da shi ya isa ya tayar wa yaron. Nono, kindirmo, yogot, cuku, gullisuwa da tuwon madara duk a ajiye. Man shanun da kaka ke zubawa a miyar kuka shi aka fi mantawa da shi. Milo da Bournvita akwai madara a ciki, haka biskit da burodi da yawa. Ki karanta bayan kwali, in kin ga milk, casein ko whey, ki mayar. Tafasawa ba ta kawar da matsalar. Nonon akuya da na tunkiya ma ba mafita ba ne, furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya.

Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nononta. Likita ne zai ce ko ita ma ta bar madara. Kada a sauya wa jariri madarar waken suya ba da shawara ba, musamman kafin wata 6. Wanda aka yaye, a ƙarfafa masa ƙashi da zogale, riɗi, wake da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu.

A sanar da malamar makaranta da maƙwabta, don yara ba sa ƙin alewa. Idan numfashi ya sarƙe, murya ta dushe, harshe ya kumbura ko jiki ya saki, a garzaya asibiti mafi kusa nan take, allurar adirinalin yake buƙata, maganin ƙaiƙayi ba zai wadatar ba. Yara da yawa suna rabuwa da alajin in sun tasa, shi ya sa ake komawa lokaci-lokaci likita ya sake gwadawa a gabansa.