Yadda ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a fadamun Haɗejia da Nguru

Tsakiyar Janairu, sa'ad da hunturu ya kankama, ita ce lokacin ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama na duniya. Tun 1967 ake yin ta, ƙungiyar Wetlands International ce ke tattara alƙaluman. A nan arewa babban filinmu shi ne fadamun Haɗejia da Nguru, irin su tafkin Nguru da Dagona da Baturiya. An zaɓi Janairu ne domin a lokacin agwagin da suka gudo wa sanyin Turai sun riga sun sauka sun natsu, ba su fara haramar komawa ba. Na daɗe ina shiga wannan aiki, ga yadda nake so sabon mai ƙidaya ya yi shi.

Tun kafin ranar, je ka gaida bulama da sarkin ruwa, ka faɗa musu abin da ya kawo ka. Baƙon da aka gani bakin tafki da madubin hangen nesa da littafi, mutane ba sa sakin jiki da shi. Kuma masunta sun fi ka sanin inda dinya ke kwana. Ka tanadi fensir, domin biro na ɗaukewa cikin ƙura, ruwa kuma na ɓata tawada. Ka sa tufafi marasa ɗaukar ido. Ku tafi ku biyu, ɗaya na dubawa yana faɗa, ɗaya na rubutawa.

Ka fita bayan asuba, ka tsaya inda rana za ta kasance a bayanka. Idan ka fuskance ta, kowane tsuntsu baƙi zai zame maka. Hazo ma yakan hana ganin ɗaya gaɓar, to ka rubuta cewa an yi hazo.

Abin da na fi matsa wa mutane a kai shi ne wurin tsayawa. Inda aka tsaya bara, nan za a tsaya bana, nan kuma za a tsaya baɗi. Ka ɗauki alamar wurin a wayarka, ka kuma rubuta shaidar da ido ke gani, misali gindin tsamiya ko mashigin kwalekwale. Idan bana ka zagaya rabin tafki, baɗi ka zagaye shi duka, adadin zai ninka, wani a ofis ya ɗauka tsuntsaye sun ƙaru alhali ƙafarka ce ta ƙara tafiya. Amfanin ƙidayar duka yana wajen jera shekara kusa da shekara.

Da isarka kada ka fara da bambance iri. Ka yi wa garken kallo ɗaya ka rubuta kiyasi, domin shaho ko harbin bindiga na iya tayar da su nan take. Sannan ka dawo a tsanake. Manya da ba su da yawa, kamar zalɓe, jinjimi, kwasa-kwasa da gauraka, ɗaya-ɗaya ake ƙirga su. Kirinjijiya kuwa takan taru dubbai, nan sai awo. Ka ƙirga goma daidai daga gefe ɗaya, ka riƙe girman filin da suka ci a idonka, ka auna shi sau goma ya ba ka ɗari, sannan ka bi garken da wannan ɗarin kamar mai auna gero da tiya. Tsakiyar garke ta fi gefe cunkoso, shi ya sa sabon hannu yakan rage adadi. Ku sake awon ku biyu kowa da kansa. Idan bambancin ya yi yawa, ku maimaita.

Garken da ya tashi, ka rubuta ƙarfe nawa ya tashi da inda ya nufa, don kada masu ƙidaya a tafki na gaba su sake lissafa shi. Wanda ba ka gane irinsa ba, rubuta "agwagwa, ba a tantance ba". Wannan ya fi cankar suna.

Idan ka je tafki ba ka ga komai ba, rubuta sifili. Takardar da aka bari fanko tana nufin ba a je ba, sifili kuwa shaida ce. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke ciyar da waɗannan fadamu ta canza, kachala, wata doguwar ciyawar ruwa, kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Saboda haka a ƙasan kowace takarda ka bayyana yadda ka sami wurin: ruwa ya ja ko ya cika, kachala ta rufe kashi nawa, akwai shanu, raga, gonar shinkafa ko tarko. Kachala na ɓoye tsuntsaye, kuma mai karanta alƙaluma daga nesa ba zai san haka ba sai ka faɗa.

Ka ga tsuntsu da zobe a ƙafa, ɗauki hotonsa ko ka kwafi launi da lambar. Ka tarar da matattu da yawa wuri ɗaya, kada ka taɓa su, ka sanar da malaman dabbobi, domin murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006.

A daren nan ka gyara takardunka tun abin na sabo a kanka, ka miƙa wa mai kula da ƙidayar yankin, ka ajiye kwafi. A ƙa'idar yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan kare fadamu, fadamar da ke ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi 1 cikin 100 na yawan wani irin tsuntsun ruwa, ta cancanci matsayin kariya na duniya. Tafkin Nguru ya shiga jerin Ramsar a 2000, Dagona da Baturiya a 2008, kuma da irin takardunka ake nuna ko har yanzu tsuntsayen na zuwa.