Darasi na Bakwai: Kula da Ruwan Kwamin Ninkaya na Gida

A wasu manyan gidaje na Abuja da Kano da Kaduna akan gina kwamin ninkaya, kuma yawanci mai kula da gida ne ake ɗora wa alhakin tsaftace shi, ba tare da an zaunar da shi an koya masa ba. Aikin ba shi da wuya, amma yana buƙatar awo, domin ruwa yana iya zama garai-garai a ido alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cuta.

Da farko a san yawan ruwan da ke cikin kwamin, saboda da shi ake lissafin maganin da za a zuba. A ninka tsawo da faɗi da matsakaicin zurfi, duka a awon mita, sannan a ninka sakamakon da 1,000 don a samu yawan lita. Kwami mai tsawon mita 8, faɗin mita 4 da zurfin mita 1.5 yana ɗaukar lita 48,000.

Kowace safiya a sa raga mai dogon sanda a kwashe ganye da ƙwari, a zazzage kwandon da ke bakin magudanar ruwa. Sau ɗaya a mako a goge bango da matakala da buroshi, musamman kusurwoyi, inda gansakuka ke fara kamawa har yatsa ya ji santsi tun kafin ido ya ga kore. Injin da ke juya ruwa ya yi aiki kamar awa 8 a rana. Idan an ɗauke wuta na kwanaki, a tayar da janareta domin injin, don ruwan da ya tsaya yakan koma kore cikin ɗan lokaci, sauro kuma ya samu wurin yin ƙwai.

Babban aikin shi ne gwaji. Ana sayar da 'yan takardun gwaji waɗanda ake tsomawa a ruwa, su sauya launi, a gwada launin da na jikin kwalbarsu. Abu biyu ake dubawa. Sinadarin kulorin, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta, ya kasance tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. Ma'aunin pH kuwa, wanda ke nuna tsamin ruwa, ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Idan ya haura haka, ƙarfin kulorin yana raguwa, ruwa ya yi dishi-dishi. Idan ya yi ƙasa, yana sa ido zafi yana kuma cin ƙarfe. Asid ne ke saukar da shi, garin soda kuma ke ɗaga shi. A yi gwajin aƙalla sau biyu a mako, a rubuta sakamakon a littafi tare da kwanan wata, a kuma sake yi bayan ruwan sama mai yawa ko ƙurar hunturu.

Mutane da yawa suna zaton ƙarfin warin kulorin alama ce ta tsafta. Ba haka ba ne. Warin yana tashi ne idan kulorin ya haɗu da gumi da fitsari, wato ruwan yana buƙatar ƙarin magani. An fi son a zuba kulorin da yamma, domin hasken rana yana cinye shi.

Maganar sinadarai ba ta wasa ba ce. Kada a taɓa haɗa kulorin da asid, ko a bokiti ko a ma'aji, saboda haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba da ke iya kisa. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. A sa safar hannu da tabarau, a kulle magungunan a wuri busasshe mai inuwa, nesa da yara.

Matatar ruwa mai yashi tana da agogon da ke nuna ƙarfin matsin ruwa a kanta. Idan allurarsa ta haura inda take tsayawa lokacin da yashin ke da tsafta, a kashe injin, a juya hannun matatar zuwa wurin wanke yashi, a kunna har ruwan da ke fita ya washe. Mai fama da gudawa kada ya shiga kwami. Yaro kuwa ba a barin sa kusa da ruwa shi kaɗai ko na minti ɗaya, don haka a kewaye kwamin da shinge mai ƙofar da ke kulluwa.

Aikin gida: lissafa yawan litar ruwan kwami mai tsawon mita 10, faɗin mita 5 da zurfin mita 1.2.