Yadda za ka yi zaman gidan gona idan an kai ku kwas ku da yawa

Idan aka ce za a kwashe ku zuwa wani gidan gona can bayan gari, ku goma sha ko ashirin, ku kwana wuri ɗaya ku ci tare ku yi karatu tare na 'yan kwanaki, to abu na farko cire wa ranka cewa otal za ka. Gidan mutane ne, kuma nan ne wurin neman abincinsu, shanu ba su san wai an zo kwas ba, lokacin tatsa ya yi sai an tatse su. Wanda ya shigo da wannan a kansa shi ne ke jin daɗin zaman, shi ne kuma ke komawa gida da ilimi, wanda kuwa ya zo yana jiran a yi masa hidima ƙorafi ne zai cinye masa kwanakin. Tsarin ma ba sabo ba ne fa, a ƙasar Denmak tun 1844 aka buɗe makarantar manya ta kwana a ƙauyen Rødding bisa tunanin Grundtvig, wani malamin addini kuma marubuci ɗan ƙasar, inda malamai da ɗalibai ke zaune tare ba jarrabawa ba komai, don sun yarda cewa zaman taren shi kansa karatu ne.

Kafin ka biya kuɗi ko ka ce za ka, kira mai shirya taron ka yi masa tambayoyi kar ka ji nauyi. Mutum nawa ne a ɗaki, maza da mata an raba musu ɓangare, bandaki nawa ne ga mutum nawa, akwai zanin gado da tawul ko kowa ya zo da nasa, ruwan sha daga ina yake, wuta ta layi ce ko sola ko janareta, wane layin waya ne ke kamawa a wurin. Sai babbar tambaya wadda mutane ke mantawa: asibiti mafi kusa tafiyar minti nawa ce, kuma akwai mota da direba da ke kwana a gidan? Idan akwai abin da ba ka ci saboda lafiya ko addini faɗa tun yanzu a rubuce, domin mai girki a irin wannan wuri sayayya yake yi sau ɗaya ya shigo da ita, babu wani kanti a bakin ƙofa da za a ruga a nemo maka wani abu. Haka idan kana buƙatar wurin ibada ko ba ka iya hawa bene, duk a san da shi tun ba ka taso ba.

Maganar hanya ba ta da yawa. Sauke taswirar yankin a wayarka tun kana da netwok, Google Maps na ba da damar haka, ka rubuta lambar mai gidan da kwatance a takarda, kuma ka yi lissafi ka isa da rana tsaka. Ƙarshen hanyar gona yawanci ba kwalta ba fitila ba alama, nemanta da dare wahala ce da ba dole ba. Ka gaya wa mutanen gida cewa za su iya kiranka su ji a kashe, ka bar musu lambar mai shirya taron, don hankalin kowa ya kwanta.

Kaya kuma kar ka cika akwati. Takalmi biyu dai dole, ɗaya rufaffe wanda ba ka damu ya sha taɓo ba, ɗaya na cikin gida, domin ƙasar da ka tako a garke bai kamata ta shiga kicin ko ɗakin kwana ba. Rigar sanyi ko da lokacin zafi ne, saboda fili a buɗe ya fi cikin gari sanyi da dare, babu gine-gine da kwalta da ke riƙe zafin rana. Tocila, in da hali wadda ake ɗaurawa a goshi don hannunka biyu su zama a sake. Abin toshe kunne, wannan kar ka raina shi, zakara ba ya jiran gari ya waye kuma a cikin mutum huɗu a ɗaki da wuya a rasa mai minshari. Maganinka na kullum ka ɗauko har da ƙarin na kwana biyu ko uku, da maganin sauro na shafawa, da littafin rubutu da biro biyu. Fawa bank mai 10,000 mAh na cika yawancin wayoyi kusan sau biyu, ya isa. Sannan duba rabonka da allurar tetanus, ana sabunta ta ne duk shekara 10, kuma gona wuri ne na tsatsa da ƙusa da taki.

Wuta da ruwa, a nan ne baƙi suka fi ɓata wa masu gida rai ba tare da sun sani ba. Idan gidan sola ne, abin da batir ya tara da rana shi za ku raba ku duka har safiya. Cajar waya wuta kaɗan take ja, amma butar lantarki ko dutsen guga ko na'urar busar da gashi kowanne na jan wat 1,000 zuwa 2,000, to ka ga mutum ɗaya ya jona ɗaya daga cikinsu da daddare sai ka ji ɗif, kowa ya shiga duhu har firij ɗin da abincinku ke ciki. Tambayi mai gida kafin ka jona komai, ka yi cajinka da rana lokacin da sola ke kawowa. Ruwa ma haka, tanki ne aka cika da famfo, wanka na minti biyar ya wadatar don na bayanka ya samu. Bandakin galibi sokawe ne, kar ka jefa audugar mata ko tishu mai jiƙa ko leda, ya toshe taron ne gaba ɗaya zai shiga uku. Ruwan da ba ka tabbatar da shi ba ka tafasa, ya yi minti 1 yana ɓararraka, in kuna kan tsauni mai tsayi sosai minti 3. Wani abu da nake roƙon kowa a kai: kar a shigar da garwashi ko a kunna janareta cikin rufaffen ɗaki wai don sanyi ko ruwan sama, iskar kabon monoksaid da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, cikin barci take kashe mutane.

Yanzu dabbobi. Ranar farko ka nemi mai gona ya zaga da ku ya nuna inda ake shiga da inda ba a shiga, ka saurara da kyau kamar darasi, ai darasin ne. Ƙofar shinge yadda ka same ta haka za ka bar ta, a rufe ka rufe, a buɗe ka bar ta a buɗe, don wataƙila da gangan aka buɗe dabbobi su kai ga ruwa. Siririyar wayar da ka gani an ja a kan 'yan sanduna mai yiwuwa ta lantarki ce, in ka matsa kusa ka yi shiru za ka ji na'urarta na ƙas, ƙas, kamar kowace daƙiƙa, kar ka gwada da hannu. Saniya mai ɗan maraƙi ita ce abar kiyayewa, za ka ga ta daina kiwo ta ɗago kai ta zuba maka ido, ta sunkuyar da kan tana tonon ƙasa da kofato, to ja da baya a hankali ba da gudu ba, kuma ko kusa kar ka shiga tsakaninta da ɗanta don ɗaukar hoto. Kar ka tsaya bayan doki ko jaki. Kar ka ba dabba ragowar abinci sai an ce ka ba. Karen gona ma'aikaci ne, bar shi ya zo wurinka da kansa. Tarakta kuma in tana aiki direban ba ya jinka kuma ba lallai yana ganinka ba, ba shi hanya.

Bayan ka taɓa dabba ko shinge ko takalminka wanke hannu da sabulu da ruwa kafin ka ci komai, man goge hannu na kwalba bai kai sabulu ba a nan. Madarar da aka tatso yanzu tana da ban sha'awa, amma a dafa ta tukuna, ɗanyar madara na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su burusela da listeriya. Mace mai juna biyu ta nisanci tumaki da awaki masu haihuwa, akwai cututtukan da ke iya taɓa cikin. Duk ranar da kuka bi cikin ciyawa duba jikinka da yamma, bayan gwiwa, hammata, ƙugu, gefen gashi, ko kaska ta maƙale. In ka gan ta kama ta da hantsaki daf da fata ka ja sama a hankali, ba murɗawa ba ƙonawa, ka wanke wurin, in zazzaɓi ko ƙuraje suka biyo baya cikin makonni ka gaya wa likita cewa kaska ta cije ka.

Zama da mutane shi ne ainihin jarrabawar. Kwanan farko kowa na fara'a ana ta ladabi, sai a tsakiya ka ga an fara jin haushin juna, wane ya cika surutu a aji, wance ba ta wanke kofinta, wani ya riƙe bandaki rabin awa. Kar ka ɗauka taron ya lalace. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Bruce Tuckman, ya bayyana wannan tun 1965, cewa rukuni kan fara da haɗuwa, sai rikici, sai a daidaita kan ƙa'idoji, sannan aiki ya kankama. Zo mu zauna zo mu saɓa ne. Abin da ke rage zafinsa shi ne tun daren farko ku zauna ku yanke ƙa'idoji a fili, ƙarfe nawa ake kashe fitila, wa zai yi wanke-wanke wace rana, ina ake amsa waya, a rubuta a manna a bango. In wani ya ɓata maka ja shi gefe ku yi magana ku biyu, kar ka kai wa na uku, gida ɗaya ne magana ba ta ɓuya. Kuma in ka ji mutane sun ishe ka ba laifi ba ne, fita ka zauna kai kaɗai minti ashirin, sai dai ka gaya wa wani inda ka nufa.

Ni a ganina aikin gidan bai kamata a guje shi ba sam, har na fi son mutum ya riƙa neman sa. Abin da malami ya faɗa da safe ba ka gane ba, sau da yawa wurin wanke kwanuka kake gane shi, kana cuɗa tukunya abokinka na ɗauraya, ka ce masa wai me ake nufi da kaza, ya bayyana maka da kalmomin da ya fahimta, kai ma ka gyara masa wani wuri. Malaman ma a teburin abinci sun fi sakin jiki, zauna kusa da su ka yi tambayar da ka ji kunyar yi a gaban jama'a, kuma kar ka maƙale wa mutum ɗaya da ka sani, canza kujera duk cin abinci. Wannan ita ce ribar da ba a samu a kwas na intanet, saboda ita aka kawo ku nesa. Shi ya sa raunin netwok ni ban ɗauke shi matsala ba, ware lokaci guda a rana ka je inda sabis ke kamawa ka gaisa da iyali ka duba saƙo, sauran lokacin waya na jaka. In ka zo da aikin ofis kana amsa imel tsakanin darasi da darasi, jikinka ne kawai a gonar.

Kowane dare kafin ka kwanta ba wa littafinka minti goma. Rufe abin da ka rubuta a aji, ka rubuto daga ka abubuwa uku da ka koya yau da tambaya ɗaya ta gobe, sannan ka buɗe ka duba inda ka kuskure. Hermann Ebbinghaus, Bajamushe, ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, to bitar ranar ita ce ke ceto abin. Hira ta dare tana da daɗi kuma a cikinta ake ƙulla abota, amma babba na buƙatar barcin awa 7 zuwa sama, kuma a barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya. Daren farko a baƙon wuri barci ba ya nauyi, wannan kowa ne, kar ya dame ka, na biyu zai fi.

Ranar tafiya ka tashi da wuri ka cire zanin gado ka tattara shararka, ka duba soket don caja ce aka fi mantawa, abin da ka fasa ko ka ɓata faɗa wa mai gida da bakinka. Wanke taɓon takalminka kafin ka sa a jaka, ta ƙasar takalmi ake kai cutar dabbobi daga gona zuwa gona, kuma in za ka tsallaka iyaka wasu ƙasashe irin su Ostareliya da New Zealand na tambaya a filin jirgi ko ka shiga gona, amsa da gaskiya. Nemi izini kafin ka ɗora hoton gidan ko na 'yan rukuni a intanet. Je ka gode wa mai girki da masu kula da dabbobi ido da ido. Sannan kafin kowa ya shiga mota ku tsayar da rana takamaimai, cikin mako biyu, da za ku haɗu ko ta waya kowa ya faɗi abin da ya fara aiwatarwa, a ba mutum ɗaya alhakin tunatarwa, a rubuta sunansa.