Yadda za ka tsara adireshin IP kafin ka sa kwamfuta ta riƙa saita maka rauta

Kamfani mai rassa a Kawo, Barnawa, Zariya da Kafanchan yawanci yana da na'urori gauraye: rautar Cisco a babban ofis, ta MikroTik a rassa (rauta ita ce na'urar da ke kai saƙo daga wata network zuwa wata), adireshi kuma suna cikin fayil ɗin Excel da aka daɗe ba a gyara ba. Kada ka fara rubuta shirin sarrafa na'urori a kan wannan, domin duk kuskuren da ke cikin fayil ɗin shirin zai watsa shi ko'ina cikin minti ɗaya.

Fara da rabon adireshi. Ɗauki 10.20.0.0/16 ka yanka shi /20 goma sha shida, kowanne da adireshi 4,096 (lambar bayan / tana nuna girman yanki, ƙaramar lamba babban yanki). Kawo ta ɗauki 10.20.0.0/20, Barnawa 10.20.16.0/20, Zariya 10.20.32.0/20, Kafanchan 10.20.48.0/20. A kowane reshe /24 na farko na ma'aikata ne, na biyu na kyamarori, na uku na POS, kowanne a VLAN ɗinsa, wato keɓaɓɓen rukuni a cikin network, kuma lambar kowane VLAN ta zama ɗaya ko'ina. Ware 10.20.240.0/20 don haɗa rauta da rauta, ka riƙa yankar /30, ko /31 idan na'urorin biyu sun karɓa. Guji 192.168.88.0/24 da MikroTik ke zuwa da shi. Idan rassa biyu suka zauna a kansa, ranar da aka haɗa su da VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya ta cikin intanet, saƙo ba zai san inda zai nufa ba.

Sai ka zuba wannan tsari cikin NetBox, manhajar kyauta da ke riƙe rajistar adireshi, na'urori da VLAN. Doka ɗaya ce, kuma ita ce mai wuyar bi: abin da ba ya cikin NetBox ba ya hawa na'ura. Sabon adireshi ma kada a zaɓe shi da ka. A nema ta API, wato hanyar da shiri ke magana da NetBox, a available-ips, NetBox ya bayar kuma ya rubuta nan take, don kada ma'aikata biyu su ɗauki adireshi ɗaya.

Daga nan sai tafinta. Cisco da MikroTik ba yare ɗaya suke ji ba, don haka ka rubuta buƙatarka sau ɗaya, misali “VLAN 30 a Barnawa, ƙofar fita 10.20.18.1”, samfurin Jinja2 (rubutu mai gurabe da shiri ke cikewa) na kowace na'ura ya juya ta zuwa umarninta. Ansible, manhajar da ke tura saiti zuwa na'urori, zai ciro jerin na'urori daga NetBox kai tsaye. Ga Cisco IOS, Junos da Arista akwai NAPALM, manhajar da ke loda musu saiti: load_merge_candidate ya loda canjin, compare_config ya nuna maka bambanci, commit_config ya tabbatar. Karanta bambancin nan layi-layi, ko kana sauri. MikroTik ba ya cikin ainihin direbobin NAPALM, sai ka bi ta community.routeros na Ansible.

A Cisco IOS, idan ba a kunna ip scp server enable ba, fayil ɗin saitin da NAPALM ke turawa ba zai shiga ba. Idan kuma ba a saita archive ba, musanya saiti gaba ɗaya ba zai yiwu ba.

Babban haɗari shi ne ka rufe wa kanka ƙofa. Ka canja adireshin da kake shiga rautar Kafanchan da shi, layi ya yanke, sai dai wani ya hau mota. Junos na da commit confirmed mai mayar da tsohon saiti idan ba ka tabbatar ba. A Cisco sa reload in 10 kafin canji, don rauta ta sake tashi da tsohon saiti bayan minti goma, kada ka adana sai ka ga komai na aiki, sannan reload cancel. MikroTik na da Safe Mode mai soke canjin idan layi ya yanke. Kuma tabbatar rautar tana kan inbata ko UPS kafin ka tura, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya barin rabin saiti.

Gwada a reshe ɗaya mafi kusa, bayan an tashi aiki. Idan ya yi mako lafiya, ka wuce na gaba, Kafanchan a ƙarshe.